Tsugunnon Auta

Ranar da Yaya Babba ya karɓi shagon kafinta bayan rasuwar mahaifinsu, doka ɗaya ya fara kafawa: ba mai ƙara tsugunawa a bakin aiki. Kowa ya san don wa aka yi ta. Mutum ɗaya ne ke tsugunawa a shagon nan, ƙaninsa Auta.

Auta magidanci ne, ya haura talatin, da mata da 'ya ɗaya. Gogar katako da shafa fenti ne aikinsa, kuma hannunsa na da kyau. In ya goge tebur, sai ka ga fuskarka a kai. Abu ɗaya ne da shi. In ya yi 'yar tafiya, ko ya ɗaga abu mai nauyi, sai numfashi ya ƙwace masa, ya zube ya tsuguna, gwiwoyi a ƙirji, har ya dawo daidai. Da uban na da rai, a ƙasa ya bar shi yana aikinsa a kan wani guntun gungume. Yaya Babba ya shure gungumen waje, ya sa aka kafa dogon benci, ya ce kowa a tsaye zai yi aiki kamar yadda ake yi a manyan kamfanoni.

Matar Auta tana ganin komai. Amarya ake ce mata a gidan har yau, ko da yake 'yarta ta shiga makaranta. Shagon a ƙasan gidan yake, tagar ɗakinta kuma tana kallon filin da ake gogar katako. Daga nan take jin muryar Yaya Babba ta keto ƙarar zarto.

"Kai, Sarkin Hutu! Nan masai ne?"

Ma'aikata su kwashe da dariya. Auta ya dafa ƙafar benci ya miƙe, yana haki kamar wanda aka koro.

"Yaya, ɗan numfashi nake ja."

"Ja shi a tsaye. Mu da muke tsaye da me muke numfashi, da kunne? Mai saye ya shigo ya tarar da ƙato a tsugune, ya ce shagon 'yan bacci ya zo."

Amarya ta saki labule. Ba wannan ne karon farko ba, amma da can akwai uba da zai ce a ƙyale shi.

Da yamma Auta ya hau matattakalar gidan da ƙyar, ya tsuguna a tsakiya, ya sake tsugunawa a bakin ƙofa. Ta cire masa takalmi, ta ga ƙafar ta kumbura har igiyar ta bar shaida a fata. Leɓensa, wanda dama duhu gare shi, ya koma kamar an shafa masa bula. Ta ajiye abinci, ya tsakura ya ture.

"Maigida, wannan aikin tsaiwar zai kashe ka."

"Haba dai. Yaya ba mugunta yake nufi ba. So yake shagon ya ci gaba."

"A kan ƙirjinka zai ci gaba?"

Ya yi murmushi, ya ce bakinta ya yi tsawo. Haka Auta yake. Tun yana yaro ake ce masa rago, har ya yarda. In numfashi ya ƙwace masa, haƙuri yake ba mutane kamar ya taka musu ƙafa.

Washegari ta je wurin surukarta. Inna na zaune a kan tabarma a falonta, tana jan carbi, rediyo na gefe.

"Inna, don Allah a yi wa Yaya magana. Auta ba shi da lafiya."

"Ni na haife shi ko ke?"

"Ke ce, Inna."

"To, ni na san ɗana. Shagwaɓa ce. Ubansa ne ya ɓata shi, ya mai da shi ƙwai a cokali. Yanzu ya samu mai miƙar da shi, ke kuma kin zo za ki ɗora daga inda uban ya tsaya."

"Ki dubi leɓensa, Inna. Ki dubi kan yatsunsa yadda suka yi ƙulu-ƙulu."

"Haka ya zo duniya. Halitta ce. Za ki gyara wa Allah aiki ne?"

Ta ƙara murya a rediyo. Magana ta ƙare.

Kwanaki suka tafi, jikin Auta na tafiya tare da su. Ya daina kwanciya miƙe, sai ya jingina da bango da matasai. Tari ya kama shi. Wata rana goga ta faɗi daga hannunsa, fenti ya zube a kan sabuwar ƙofa. Yaya Babba ya zo ya tsaya a kansa, ya ɗaga masa haɓa da yatsa kamar mai taya akuya a kasuwa.

"Ku zo ku gani. Leɓe baƙi kamar gindin tukunya, ido ja, hannu na rawa. Ni za a raina wa hankali? Me kake sha?"

"Wallahi Yaya ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba."

"Juye aljihunka."

A gaban ma'aikata da wani mai saye, magidanci ya juye aljihunsa. Guntun fensir ya faɗo, da ƙusa biyu, da alawar da ya saya wa 'yarsa. Wani ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ai ba za ka zo da shi nan ba," in ji Yaya Babba. "Na san maganinka. Daga gobe ka bar fenti, ka koma kai kaya. Gumi ne ke fitar da lalaci, shi ne ke fitar da ƙwaya."

Amarya ta sauko ba ko mayafin kirki. Ta tsaya a bakin shagon.

"Yaya, mutumin da ba ya iya hawa gidansa shi za a ɗora wa kabad?"

"Ke, koma ciki. Tsakanina da ɗan'uwana ne. Ke kika zo jiya, ni tare muka sha nono. In ban gyara shi ba wa zai gyara shi?"

Auta da kansa ya ce mata ta hau sama, kada ta tara musu jama'a.

Daga ranar zancen shaye-shaye ya cika gidan. Matar Yaya ta hana 'ya'yanta shiga ɗakin Amarya. Inna ta kira Auta ta yi masa nasiha a kan tsoron Allah, yana tsugune a gabanta yana cewa to, to. Amarya na bakin ƙofa tana kallon tsohuwar. Ta lura Inna ba ta ko ɗaga ido ta dubi fuskarsa, carbinta take kallo har ta gama.

Mako ya zagayo yana bin motar kaya. Kullum direba ne ke riƙo shi ya hau da shi gida. Rannan da safe ya yi tari, ta ga jini a tsumma. Ta ce yau ko sama da ƙasa za su haɗu sai asibiti. Ta sa masa riga, ta yafa mayafi, ta riƙo hannunsa suka sauko. Yaya Babba na bakin ƙofa, an riga an ɗora wata doguwar kabad a mota.

"Ina zuwa?"

"Asibiti, Yaya. Jini ya tofar."

"Dasashi ne. Mai kaya na jira, na yi alkawarin yau. In mun dawo ku je duk inda za ku."

Inna ta leƙo ta taga. "Wane irin asibiti da sassafe? Su in ka je da ƙafarka sai sun nemo maka ciwo. Bar shi ya bi ɗan'uwansa, neman halal ba ya kisa."

Auta ya dubi uwarsa, ya dubi yayansa, ya zare hannunsa daga na Amarya a hankali.

"Gobe ma rana ce, Amarya. Ba za mu daɗe ba."

Ta tsaya tana kallon motar har ta sha kwana. Yana zaune a baya, ya rungume kabad ɗin kada ta gogu.

Kafin azahar direba ya dawo shi kaɗai ya ɗauki Amarya. A hanya ya faɗa mata, yana tuƙi yana share ido da hannun riga. Gidan da suka kai kayan bene ne mai hawa da yawa, matattakala ƙunci. Yaya Babba na sama yana ja, Auta na ƙasa, nauyin duk a kansa. A tsakiyar hawa ya ce a tsaya zai tsuguna. Yaya ya ce in ya saki ta faɗo, sai ya san wanda ya haife shi. Ba wurin ajiyewa, ba wurin juyawa. Ya daure har suka kai inda matattakala ta yi faɗi. Ya sauke ta a hankali, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sannan ya kife, goshinsa ya daki bakin siminti.

"Kafin mu sauko da shi, ya cika," in ji direba.

A asibiti ta tarar da Yaya Babba a baranda yana magiya da wani sufeton 'yan sanda. Mai gidan benen ne ya kira su, don kada a ce a gidansa aka kashe mutum. Sufeto ya ce mutum ya mutu a gidan wani da rauni a ka, ƙa'ida ce likita ya buɗe gawa ya ga abin da ya kashe shi.

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa yanka mana gawa ba. A ba mu shi mu suturta shi yau."

"In duk iyalinsa sun ce ba sa zargin komai, zan iya magana da na sama."

"Ba ma zargin kowa." Yaya Babba ya rage murya, amma ba yadda Amarya ba za ta ji ba. "Tsakanina da kai, yaron nan shaye-shaye yake yi. Shi ya kayar da shi. A rufa masa asiri, yana da 'ya."

Har lokacin Amarya kuka take yi. Jin haka sai hawayen ya tsaya cak. Ta tashi ta zo gabansu.

"Ni ce matarsa. A duba shi."

"Ke! Kina hauka ne?"

"A duba shi, ranka ya daɗe. In ƙwaya ce a faɗa mini ƙwaya ce."

"Mijinki za ki sa a feɗe kamar rago? Ba ki da imani? Me mutane za su ce?"

"Abin da ka faɗa yanzu shi za su ce, Yaya. Shi 'yata za ta tashi tana ji."

Sufeto ya dube ta, ya dube shi, ya ce to magana ta ƙare, gawa za ta kwana.

Yinin nan ba irin sunan da ba a kira ta da shi ba. Inna ta ce ta hana ɗanta kwanciyar kabari. Matar Yaya ta ce dama ba ta son shi. Dangi suka yi ta aiko mata da manya. Ta shige ɗaki ta rungume 'yarta.

Washegari da hantsi aka kira su ofishin likitar da ta yi binciken. Dattijuwa ce mai furfura, da gilashi rataye a wuya. Ɗakin ƙarami, fanka na juyi, warin magani ya cika shi. Amarya ta zauna, Yaya Babba ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, sufeto na gefe.

"Raunin goshin ba shi ya kashe shi ba," in ji likita. "Fata ce kawai ta tsage. Zuciyarsa ce ta tsaya kafin ya kai ƙasa."

"To ai shi ne," in ji Yaya Babba. "Abin da yake sha."

"Malam, huhun ɗan'uwanka ba na mai shan hayaƙi ba ne. Hantarsa ba ta mashayi ba ce. Bari in gama."

Ta dunƙule hannunta ta nuna wa Amarya. Ta ce zuciyar mutum kamar haka take, tasa ta kusa ninka wannan. A cikin zuciya akwai bango da ke raba jinin da ya sha iska da wanda bai sha ba. Shi bangonsa da rami aka haife shi, ramin da babban yatsa zai shige. Hanyar da ke kai jini huhu kuma a tsuke take, kamar bututun biro. Saboda haka tun ranar da ya zo duniya jinin da bai ƙoshi da iska ba ke yawo a jikinsa. Shi ya sa leɓe ya yi duhu, shi ya sa kan yatsu suka kumbura. Gefen zuciyar da ke tura jini ta wannan ƙunci ya yi ta fama har namansa ya yi kauri, ya gaji.

"Ina da tambaya," in ji ta. "Yana yawan tsugunawa?"

Amarya ta gyaɗa kai.

"Na yi zato. Masu irin wannan tun suna yara suke gano shi da kansu, ba wanda ke koya musu. In ya tsuguna, jijiyoyin ƙafa na matsewa, jini ya samu ƙarfin shiga huhu, numfashi ya dawo. Shi ne maganin da ya yi ta sha har ya kai waɗannan shekarun. Da yawansu ba sa kaiwa."

Fanka ta yi ta juyi. Sufeto ya juya ya dubi Yaya Babba, shi kuma ya dubi ƙasa.

"Da an yi masa aiki fa?" Amarya ta tambaya.

"Da an yi yana yaro, da wataƙila ya ga jikokinsa. Ko yanzu, da an kawo shi, an raba shi da ɗaukar kaya, da akwai abin da za a yi. Abin da ya ɗaure mini kai, wannan ciwo ba ya ɓuya. Duk wanda ya ɗora abin awo a ƙirjinsa zai ji. Ba a taɓa kai shi asibiti ba yana ƙarami?"

Yaya Babba ya ce shi bai san wannan ba, a ba su gawa rana na yi.

Aka kai Auta makwancinsa da la'asar. Da maza suka tafi, Amarya ta shiga falon Inna, ta durƙusa, ta faɗa mata abin da likita ta ce, tana zaɓen kalmomi don tausayin tsohuwa. Ta zaci za ta zabura. Inna ko gezau.

"Ramin nan dai," in ji ta, ta ja numfashi. "Ashe bai toshe ba."

Amarya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Inna, kin sani?"

"An faɗa mana yana goye. Suka ce sai an tsaga ƙirjinsa. Jariri za a tsaga? Muka ɗauko abinmu. Suka ce ba zai yi tsawon rai ba, ga shi ya yi gemu, ya yi aure, ya haihu. Wa ya fi Allah sani?"

"Shi ya sani?"

"A faɗa masa don me? Ya kwanta ya ce shi majinyaci ne? Kuma ina da 'ya'ya mata a gabana lokacin. Magana ta fita a ce gidanmu akwai ciwon gado, wa zai zo neman aure? Ke kanki da an faɗa wa iyayenki, da sun ba shi ke?"

"Yaya fa?"

Yaya Babba ya shigo ke nan, yana kaɗe ƙurar maƙabarta daga bakin wando. Ya ji tambayar.

"Na ji an taɓa cewa yana da wani abu a ƙirji, tun muna yara. Na ɗauka ya warke. Ni likita ne? Ni dai alheri na nufa, in mai da shi namiji. Kwana ne ya ƙare. Ko a gado yake kwance, ranar nan sai ya tafi."

Kun ji fa. Uwa ta sani, ta zauna tana jan carbi ana juye aljihun ɗanta a gaban bare. Ta san abin da ya baƙanta leɓen, ta kira shi ta yi masa wa'azin ƙwaya. Yayansa ya ji ƙishin-ƙishin, ya ɗora masa kabad. Ba wanda ya ɗauki wuƙa a gidan nan, ba wanda ya zuba guba. Kowa alheri ya nufa. Sai da baƙuwa ta tsaga ƙirjin mutum bayan ya mutu kafin a yarda cewa da ya ce ya gaji, gaskiya ya faɗa.

Washegari gida ya cika da masu ta'aziyya. Mata sun cika falo, maza na tsakar gida a kan tabarmi, ƙofa a buɗe tsakaninsu. Wata tsohuwar maƙwabciya ta tambaya ko ya yi jinya.

"Ina fa," in ji Inna. "Lafiyarsa lau ya fita. Farat ɗaya abin ya zo."

"Ba lafiya lau ya fita ba."

Kowa ya juyo. Amarya ce, daga kusurwar da take zaune. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma har tsakar gida an ji.

"Jini ya tofar da safen ranar. Asibiti za mu aka tare mu a ƙofa. Da rami a zuciya aka haife shi, kuma an sani a gidan nan, shi kaɗai ne ba a faɗa wa ba. Duk wadda ta ji an ce mijina mashayi ne, ko rago ne, ta koma ta faɗa wa wanda ya gaya mata cewa ƙarya ne. Likita ta buɗe ta gani."

Wata gwaggo ta kama hannunta. "Haba 'yar nan, a zaman makoki? Rufa wa gida asiri."

"Asirin ne ya kashe shi, Gwaggo."

Yaya Babba ya taso ya tsaya a bakin falon. Maza na kallon bayansa. Ya sassauta murya, irin ta mai son a shaida shi mai haƙuri ne.

"Amarya, zafin rashi ne, mun gane. Mu duka aka yi wa mutuwar nan. In an yi kuskure, ɗan Adam ajizi ne. Ga manya nan, ki ce kin yafe, a binne maganar nan, mu haɗu mu riƙe marainiya."

Tsofaffi suka gyaɗa kai. Aka ce ai shi ke nan, babba ya sauko, ta ce ta yafe mana. Inna ta fara sharar hawaye. Kowa ya zuba wa Amarya ido yana jira, don a samu a ci gaba da addu'a.

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Ba ni kuka yi wa ba, Yaya. Mai yafewar jiya kuka kai shi. Ka san wurin, kai ka zuba ƙasar farko. Je ka tambaye shi."